Masu Juya wa Fitila Baya: Tarihin Ɗan Agaji da Tarukan Dare

A duk inda gari ya fito da dare yana jerin gwano da fitilu, jama'a kan kasu gida biyu. Mafi yawansu idonsu na kan hasken. 'Yan kaɗan kuwa sun juya wa hasken baya, suna duban taron: inda hanya ta ƙuntata, inda yaro ya saki hannun uwarsa, inda tartsatsi ke neman danga. A garuruwan Turai da ke bikin fitilu a tsakiyar sanyi, waɗannan 'yan kaɗan ma'aikatan sa kai ne masu riguna masu ɗaukar ido, kuma da wuya hukuma ta yarda a rufe titi don biki sai an nuna mata an tanade su. A ƙasar Hausa sunansu 'yan agaji.

Tarihin wannan aiki bai cika samun marubuta ba, domin aiki ne da ba a ganinsa sai ranar da aka rasa shi. Amma wanda ya bi sawunsa daga bakin Tekun Atilantika zuwa Talata Mafara, Bakura da Maradun zai gane cewa fitar jama'a da dare ma'auni ne na amanar da ke cikin gari, kuma mai riƙe da wannan amana mutum ne da ba ya ɗauke da makami.

Yadda fitila ta yi tafiya

A duniyar Musulunci, fitilar biki da ta fi shahara ita ce fanus ta Masar, wadda yara ke yawo da ita a dararen azumi. Ruwayar da Misrawa suka fi riƙewa tana danganta asalinta da shigar Halifa Al-Mu'izz na daular Faɗimiyya birnin Alƙahira a watan Ramadan na shekarar 973, lokacin da aka ce mutane sun fito tarbarsa da fitilu. A Jamus kuwa, kowace ranar 11 ga Nuwamba yara kan fito bayan faɗuwar rana da fitilun takarda don tunawa da Waliyyi Martin, iyaye da malamai da 'yan kwana-kwana na sa kai suna tafe a gefensu.

Afirka ta Yamma tana da nata reshen. A birnin Saint-Louis na Senegal, tun ƙarni na 18, attajiran mata 'yan kasuwa kan tafi coci a daren Kirsimeti barorinsu na haska musu hanya da fitilun da aka ƙawata. Daga nan aka sami bikin da ake kira fanal, wanda ya kafu har a Banjul ta Gambiya, inda ake ƙera fitilun da siffar jiragen ruwa. A shekarun 1930 wani ɗan kasuwa Musulmi da aka sani da Daddy Maggay ya kai al'adar Freetown ta Saliyo, ya ɗaura ta a kan daren ƙaramar Salla. Cikin 'yan shekaru fitilun hannu suka zama manyan siffofi da ake turawa a kan amalanke, kowace unguwa da ƙungiyarta, kowace ƙungiya da makaɗanta.

Abin lura a labarin Freetown shi ne abin da ya biyo bayan bunƙasar. Da gasa ta yi zafi tsakanin unguwanni, sai da wata ƙungiyar samarin Musulmi ta birnin ta karɓi ragamar shirya bikin, ta tsara hanya, ta sa alƙalai, ta ware kyaututtuka. Ƙera fitila aikin gwani ɗaya ne da yaransa. Fitar da ita titi cikin dubban mutane, a kuma dawo lafiya, aikin tsari ne da ke buƙatar wasu mutane dabam.

Dararen wuta a ƙasar Hausa

Bahaushe bai gaji jerin gwanon fitilun takarda ba, amma yana da nasa dararen haske. Mafi tsufa a cikinsu shi ne na watan Muharram, wanda ake kira watan cika-ciki ko watan wowwo. A daren Ashura ana cin abinci a ƙoshi, taubasai da sauran abokan wasa suna bin juna kuɗin shara, kuma a wurare da dama samari kan cinna wa damin kara ko ciyawa wuta su yi ta gudu da shi, daga ƙarshe su jefar a rafi ko bayan gari, alamar an sallami tsohuwar shekara da sharrinta. Malamai sun daɗe suna sukar wannan wasa, kuma ya ja baya ƙwarai. Ɗan'uwansa yana nan da ƙarfinsa a arewacin Gana, inda Dagombawa ke bikin Bugum a daren 9 ga watan farko na shekararsu: sarki ne ke fara kunna wuta, sannan gari ya bi da bakin wuta zuwa wata bishiya a wajen gari a jefa mata.

Na biyu shi ne tashe, da ke farawa idan azumi ya kai kwana 10. Yara da samari kan bi gida-gida bayan shan ruwa suna wasannin barkwanci da hannunka-mai-sanda, a da da fitilar ƙwai ko aci-balbal a hannu, daga baya da tocila. Na uku shi ne Maulidi, da karatunsa na dare da zagayen ɗaliban Islamiyya. A kan waɗannan sai a ƙara tafsirin dare, da tahajjud na goman ƙarshe, da wutar da almajirai ke hurawa a tsangaya don karatu.

Waɗannan darare ba su da mazauni ɗaya a cikin yanayin shekara. Shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kwana 10 zuwa 11, saboda haka kowane biki yana zagaya damina da kaka da hunturu da bazara cikin kimanin shekara 33. A 2015 Maulidi ya zo sau biyu, a farkon Janairu da kuma ƙarshen Disamba, duka a tsakiyar ɗari. Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne ga mai tsaron taro. A hunturu ciyawa ta bushe, dangar kara da jinka da rumbun da aka cika da amfanin gona duk abincin wuta ne, iska tana kaɗawa daga arewa maso gabas, hazo kuma yana rage gani. Tartsatsin da zai mutu a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa a watan Agusta yana iya cinye unguwa a watan Janairu. Don haka wasan wuta bai taɓa zama na yara su kaɗai ba. Kullum akwai wani babba a gefe da ke cewa a bi ta nan, kada a bi ta can.

Kafin a ɗinka kaki

Tsara taron jama'a tsohuwar magana ce a ƙasar Zamfara. A shekarun 1780 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya shafe kimanin shekara 5 yana wa'azi a wannan ƙasa, kuma Faru, da ke ƙasar Maradun a yau, tana cikin wuraren da ya zauna. Maza da mata suna tururuwa zuwa majalisinsa. Ƙanensa Abdullahi ya ba da labari a Tazyinul Waraƙati cewa wani malami daga Borno, Mustafa Gwani, ya soki halartar mata, kuma Abdullahi ne ya mayar masa da amsa, yana mai nuna cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni. Mafitar da jama'ar Shehu suka bi ita ce a raba mazauni, maza a gefe, mata a gefe, kowa ya ji karatu. Wannan mafita ba ta tabbata da fatawa kawai. Sai an sami wanda zai tsaya a kan iyaka ya nuna wa mai zuwa inda zai zauna. Littattafai sun adana sunayen malaman da suka yi muhawarar, ba su adana na waɗanda suka tsaya a kan iyakar ba.

A ɓangaren sarauta, aikin na dogarai ne. Dogari da jar rigarsa mai ratsin kore shi ke buɗe hanya a hawan Salla, a gaban Sarkin Mafara ko Sarkin Burmin Bakura ko Sarkin Ƙayan Maradun, kamar yadda takwarorinsa ke yi a sauran masarautu. Amma dogari bawan sarki ne, ƙarfinsa daga fada yake, kuma bulala tana cikin kayan aikinsa. A zamanin Turawa aka fitar da 'yan doka na En'e daga wannan tushe, aka ba su kaki da albashi, har zuwa lokacin da gwamnatin soja ta narkar da su cikin rundunar 'yan sandan Najeriya a ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970.

Akwai kuma tsari na uku, wanda ya fi kusa da ɗan agajin yau: na samari. A ƙauyuka da unguwanni akwai Sarkin Samari da muƙarrabansa, waɗanda ke shirya gayya, da dandali, da kalankuwa bayan girbi. Su ke share fili, su raba faɗa, su ci tarar wanda ya karya doka, su tabbatar 'yan mata sun koma gida. Ba a biyan su, kuma ba su da kurkuku. Hukuncinsu mafi tsanani shi ne a ƙaurace wa mutum, kada a je gonarsa ranar gayya, kada a halarci bikinsa. A Jamhuriyar Nijar gwamnatin Seyni Kountché, wadda ta yi mulki daga 1974 zuwa 1987, ta ga ƙarfin wannan tsari har ta farfaɗo da shi da sunan Samariya, ta mai da shi ginshiƙin ayyukan gayya na ƙasa. A Najeriya bai sami irin wannan gata ba. Gurbin da ya bari, ƙungiyoyin addini ne suka cike shi.

Haihuwar ɗan agaji

An kafa Jama'atu Nasril Islam a Kaduna a 1962 ƙarƙashin inuwar Sardauna Ahmadu Bello. A 1963 Shehu Mudi Salga ya kafa Fityanul Islam a Kano. A 1978 aka kafa Izala a Jos ƙarƙashin Shehu Isma'ila Idris, wanda ya taɓa zama limami a rundunar soja. Ƙungiyoyin nan sun saɓa a kan mas'aloli da dama, wani lokaci saɓani mai zafi, amma kowace ta wayi gari da buƙata iri ɗaya. Hanyoyin mota da lasifika da rediyo sun sa wa'azin da a da ke tara mutanen unguwa ya koma yana tara na jihohi. Dogaran sarki ba na ƙungiya ba ne, 'yan sanda kuma ba su da yawan da za su tsaya a kowane masallaci. Sai kowace ta kafa rundunar agajinta.

Siffar da rundunonin suka ɗauka aro ce daga wurare da yawa. Kaki da hula da fareti da muƙamai sun yi kama da na soja da na 'yan sikawut. Akwatin magani da koyon taimakon gaggawa sun yi kama da na Red Cross. Ruhin aikin kuwa na gida ne: neman lada, da kunyar a ce taron garinku ya watse. Ɗan agaji tela ne ko manomi ko malamin firamare ko ɗan acaɓa, kuma sau da yawa da kuɗinsa yake ɗinka kakin. Ana ganinsa a filin Idi yana daidaita sahu, a sansanin alhazai yana ɗaukar jakar tsohuwa, a maƙabarta yana buɗe hanya, a bakin masallacin Juma'a yana karkatar da motoci. Lokacin da Gwamna Ahmad Sani Yariman Bakura ya yi shelar shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, aka fara aiki da ita ranar 27 ga Janairu 2000, hukumar Hisba da ta biyo baya ta tarar da wannan al'ada ta aikin sa kai a shimfiɗe. Sai dai Hisba hukuma ce mai doka a bayanta, ɗan agaji kuwa ya ci gaba da zama mai roƙo.

A zagayen dare aikinsa yana da ƙa'idoji da aka koya ta hanyar gwaji. Wasu suna gaba suna rage saurin tafiya, domin idan na gaba suka yi sauri sai layi ya tsinke, na baya su ruga don cike giɓin, kuma a nan ake faɗuwa. Wasu suna gefe riƙe da igiya ko hannun juna, suna raba masu tafiya da masu kallo. Wasu suna baya suna tattara yaran da suka gaji da takalman da suka zube. Ana tura wasu tun da wuri su tsaya a mararraba, da bakin kwalbati, da duk inda hanya ta tsuke. Kayan aikin ba su wuce usur da tocila da murya ba.

Masana cunkoso sun tabbatar da abin da waɗannan mutane suka sani a aikace. Idan mutane suka kai 5 zuwa 6 a kan murabba'in mita ɗaya, mutum ba ya iya sarrafa jikinsa, turawa tana ratsa taro kamar igiyar ruwa, kuma yawancin waɗanda ke mutuwa numfashi ne ke gagararsu, wasu ma a tsaye. Ingila ta koyi wannan da tsada a filin ƙwallo na Hillsborough ranar 15 ga Afrilu 1989, inda turmutsitsi ya yi sanadin mutuwar mutum 97. Binciken da ya biyo baya ya sauya yadda ake tsara taruka a ƙasar, ya sa horar da masu kula da taro ya zama wajibi. Najeriya ta ga nata a Disamba 2024, lokacin da yara 35 suka mutu a wani taron rabon kyauta a Ibadan, sannan bayan kwana 3 wasu gommai suka mutu a Okija da Abuja wajen rabon abinci. Babu wanda ya kai hari a waɗannan wurare. Ƙofa ce ta yi ƙunci, jama'a suka yi yawa, aka rasa isassun masu tsara shiga. A irin wannan ne ake gane nauyin mutumin da ke tsaye da igiya a bakin filin Idi.

Shekarar da dare ya kuɓuce

Hausawa suna da karin magana biyu game da dare da ke ja da juna: dare mahutar bawa, da kuma dare rigar mugu. A 2021 na biyun ya rinjayi na farko a wannan yanki. Cikin daren 26 ga Fabrairu 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai mata daga makarantar sakandaren Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 a farkon Maris. A tsakiyar Agusta suka shiga Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura da dare, suka yi kisa, suka tafi da ɗalibai da ma'aikata. Ranar 1 ga Satumba suka sace ɗalibai 73 a makarantar sakandaren Ƙaya da ke Maradun. Gwamnatin Bello Matawalle ta sa dokar hana fita daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 6 na safe a ƙananan hukumomi 13, aka rufe kasuwannin mako, aka katse layukan waya a faɗin jihar.

Ana ƙidaya asarar irin wannan lokaci da rayuka da dukiya, kuma haka ya dace. Amma akwai wata asarar da ba ta shiga lissafi. Yaron da ya tashi a garin da ake rufe ƙofa da magariba bai san dandali ba, bai san yadda ake tafiya cikin taro a duhu ba tare da tsoro ba, bai kuma ga yayansa sanye da kaki yana yi wa jama'a hidima ba tare da sanda ba. Ko a Kano, inda tashe ke da sarautarsa ta Nalako, rundunar 'yan sanda ta sha dakatar da wasan a shekarun baya-bayan nan saboda 'yan daba da ke fakewa da shi. Abin da ya faru a Tudun Biri ta jihar Kaduna ranar 3 ga Disamba 2023 ya ƙara wani tsoron a kan na da: jirgin soja maras matuƙi ya jefa bam a kan masu Maulidin dare, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa ta ce an binne aƙalla mutum 85, rundunar soja kuma ta amsa cewa kuskure ne. Taron da ke haskaka kansa da dare ya zama abin da ake gani daga daji, ake kuma gani daga sama.

Sa kai iri biyu

Wannan zamani ya taɓa har harshe. A Hausar yau da kullum, aikin sa kai shi ne wanda mutum ya yi don Allah ba don biya ba. A Zamfara kuwa, idan aka ce 'yan sa-kai, abin da ke zuwa zuciya shi ne mutanen da suka ɗauki bindiga don kare ƙauyukansu, waɗanda wasu ke yaba musu, wasu kuma ke zarginsu da kisa ba shari'a da ya ƙara rura rikicin, har gwamnatin jihar ta sha haramta su. A Janairu 2024 Gwamna Dauda Lawal ya ƙaddamar da Askarawan Zamfara, su fiye da 2,600, don a shigar da wannan ƙarfi ƙarƙashin doka.

Babu mai musun cewa garin da ake kai wa hari yana buƙatar masu tsaro. Amma aikin mai bindiga da na mai usur ba ɗaya ba ne, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya. Mai bindiga yana fuskantar waje, yana jiran maƙiyi. Ɗan agaji yana fuskantar ciki, yana kare jama'a daga nauyin kansu, kuma ana bin umarninsa ne saboda an san gidansu, an san ba ya samun ko sisi, an kuma san gobe shi ma zai bi umarnin wani. Irin wannan iko ba a sayensa da kasafin kuɗi. Yana ginuwa ne a hankali, daga Idi zuwa Idi, kuma yana zaizayewa idan aka daɗe ba a taru ba.

Kalanda tana dawo da maganar kusa. Azumi yana matsowa cikin sanyi shekara bayan shekara, kuma a 2030 Ramadan zai kama sau biyu, a Janairu da Disamba. Tashe da tafsiri da tahajjud za su koma tsakiyar hunturu, lokacin busasshiyar danga da hazo da dogon dare, kamar yadda suka kasance a ƙarshen shekarun 1990. Masarautu da ƙananan hukumomi da kwamitocin masallatai suna da 'yan shekaru a hannu don abubuwan da ba su da tsada: horar da 'yan agajin ƙungiyoyi daban-daban a wuri ɗaya kan taimakon gaggawa da lissafin cunkoso, shigar da mata cikin tsarin domin ɓangaren mata, sanar da jami'an tsaro wuri da lokacin kowane taron dare tun kafin ya zo, da auna faɗin hanya kafin a sa yara a kanta.

Ranar da za a ce zaman lafiya ya dawo Mafara da Bakura da Maradun, sanarwar hukuma ba za ta isa shaida ba. Shaidar ita ce a ga uwa ta bar ɗanta ya bi zagayen dare da tocilarsa, domin ta san akwai wani a bakin kwalbati da ya juya wa hasken baya yana ƙirga kawunan yara.